Digiri na biyu kan manufofin tsaron intanet: ta ina bangaskiyar Kirista take shiga?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya. Ya yi digirin farko a fannin kwamfuta, yana aikin kula da na'urori a wata ma'aikata, yanzu kuma yana so ya ƙaro karatu kan manufofin tsaron intanet. Ya ga wasu jami'o'i suna cewa suna koyar da fannin ta fuskar bangaskiyar Kirista. Yana so ya sani ko akwai abu na gaske a ciki, ko kuwa talla ce kawai, kuma in akwai, ko sai lalle a jami'ar Kirista zai same shi.

Ɗan'uwa, akwai abu na gaske a ciki, sai dai a san inda yake. Lissafin da ake kulle saƙo da shi iri ɗaya ne a hannun fasto da hannun ɓarawo. Yadda ake toshe ɓaraka a manhaja ba ya canzawa don mai toshewar ya yi addu'a da safe. Duk jami'ar da ta nuna maka kamar tana da wata fasaha ta daban domin ta Kirista ce, ka ja da baya. Amma kai manufofi ka ce za ka karanta, kuma manufa hukunci ce da wasu mutane suke yankewa a kan wasu: wa za a kare, wa za a bari, wa zai biya, wa aka yarda ya leƙa asirin wa. A nan ne abin da ka gaskata game da ɗan'adam da hukuma da Allah yake shiga aikinka, ko ka lura ko ba ka lura ba.

Bari mu ɗauki abin da ya faru da gaske, wanda da wuya ka gama kwas ɗin ba a kawo maka shi ba. A ranar 12 ga Mayu 2017 wata muguwar manhaja da ake kira WannaCry ta bazu a ƙasashe fiye da 150, tana kulle kwamfutoci tana neman kuɗin fansa. A Ingila ta shiga asibitocin gwamnati. An ƙiyasta cewa an soke ganin likita da aikin tiyata kusan 19,000, wasu asibitoci har suka riƙa juya motocin ɗaukar marasa lafiya zuwa wani wuri. Ƙofar da ta bi wata ɓaraka ce a cikin Windows. Hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta daɗe da sanin ɓarakar, ta ƙera makami a kanta ta ajiye don aikinta, sai aka sace mata makamin. Microsoft ya fitar da gyara a watan Maris, ɓarayin suka watsa makamin a intanet a watan Afrilu, a watan Mayu kuma aka harba shi. Daga baya Amurka da Birtaniya suka ɗora alhakin harin a kan Koriya ta Arewa.

Injiniya zai ce da an sa gyaran watan Maris da ba a shiga wannan halin ba, kuma gaskiyarsa. Ɗalibin manufofi daga nan yake farawa. Wa ya ba hukumar izinin riƙe ɓarakar a ɓoye, alhali miliyoyin mutane suna aiki da wannan manhajar? Da wane ma'auni aka auna amfanin leƙen asiri da haɗarin da za a jefa jama'a? A teburin da aka yanke shawarar, wa ya zauna a madadin tsohuwar da aka soke wa tiyata? Me ya hana asibitin sa gyaran: sakaci ne, ko kasafin kuɗi, ko wata tsohuwar na'urar gwaji da ba ta aiki sai da tsohon Windows? Amurka tana da tsarin da hukumominta suke bi don yanke shawarar ko su bayyana irin wannan ɓarakar ko su riƙe, kuma a watan Nuwamba 2017 ta buga ƙa'idojinsa a fili. Za a sa ka karanta su, ka faɗi inda suka yi daidai da inda suka bar ƙofa a buɗe. Irin aikin ke nan. Rabinsa shari'a ne da dangantakar ƙasashe da tattalin arziki, kuma kusan dukansa rubutu ne.

Abin da yake ba ni mamaki har yanzu shi ne yadda Attaura ta riga ta yi magana a kan wannan matsalar. Fitowa 21:28-29 ta ce in sa ya soke mutum har ya mutu, ba a kama mai san da laifi. Amma in an san san da halin suka, an gargaɗi mai shi, bai ɗaure shi ba, to jinin yana wuyansa. Sani ne ya canza hukuncin. Maimaitawar Shari'a 22:8 kuma ta ce wanda ya gina sabon gida ya ja wa rufinsa rawani, kada wani ya faɗo alhakin jini ya hau gidan. Dokar ba ta ce a gargaɗi baƙo ya yi hattara ba. Maginin ta kama, tun lokacin gini.

Ka riƙe wannan a zuciya ka dubi kasuwar na'urori. A shekarar 2016 wata manhaja mai suna Mirai ta kame ɗimbin kyamarori da na'urorin raba intanet na gidaje, ba da wata dabara mai zurfi ba, sai don an sayar da su da kalmar sirri ɗaya da kowa ya sani. Aka tara su aka afka wa Dyn, kamfanin da yake haɗa masu shiga intanet da adireshin shafuka, a watan Oktoba, manyan shafuka suka ɗauke na sa'o'i a Amurka. Shekara da shekaru masu ƙera manhaja suna rubuta a yarjejeniyar da kowa yake dannawa ba tare da karantawa ba cewa ba su da alhakin duk abin da ya faru. Sai kwanan nan abin ya fara juyawa. Daga Afrilu 2024 Birtaniya ta hana sayar da na'urori masu irin wannan kalmar sirri, a 2024 ɗin kuma Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta ɗora wa masu ƙera kayan fasaha nauyin tsaronsu. Kirista da ya san Littafinsa yana shiga wannan muhawarar da matsaya: mai ƙarfi da sani shi ya kamata ya ɗauki nauyin, ba talakan da ya sayi kyamara don ya ga ƙofar gidansa ba. Wannan matsayar ba ta raba gardama ita kaɗai. Dole ka iya nuna nawa dokar za ta ci, ko za ta kashe ƙananan kamfanoni, da yadda za a yi da manhajojin kyauta da 'yan sa kai suke rubutawa. Amma ka san inda ka dosa.

Abu mafi nauyi da bangaskiyarka za ta kawo wa wannan fanni, a ganina, shi ne koyarwar zunubi. Masu tsaron kwamfuta suna da wata ƙa'ida ta zamani: kada a amince da kowa don kawai yana cikin gida, a tantance kowa a kowane lokaci, a ba kowa iyakar ikon da aikinsa yake bukata. Mai bi ba baƙo ba ne a nan. Romawa 3:23 ba ta ware kowa ba. Inda mutane suke tuntuɓe shi ne sukan yarda cewa abokin gaba mai zunubi ne, sannan su manta cewa namu ma haka. Dawuda sarkin da Allah ya zaɓa ne, amma daga kan soro ya hango abin da bai kamata ya hanga ba, ya aika a binciko masa ko wacece, ƙarshenta ya ba Uriya wasiƙar mutuwarsa ya kai wa Yowab da hannunsa. Ikon gani, ikon tambaya, ikon aika saƙo a rufe, duk a hannun mutum ɗaya, ba mai duba shi sai da Natan ya zo.

Tarihin sa ido cike yake da wannan. A 2013, bayan tonon asirin da Edward Snowden, wanda ya yi wa NSA aikin kwangila, ya yi, babban mai binciken cikin gida na NSA ya amsa wa majalisar dattawa cewa an samu lokuta 12 da ma'aikata suka yi amfani da kayan leƙen asiri ba bisa ƙa'ida ba da gangan, yawancinsu don bin diddigin mata ko miji ko masoyi. Kafin nan, a shekarun 1960, hukumar binciken laifuka ta Amurka, FBI, ta dasa wa Martin Luther King na'urorin saurare, a 1964 kuma aka aika masa da wasiƙa marar sa hannu ana tunzura shi ya kashe kansa. Fasto ne na Baptis, kuma gwamnatin ƙasarsa ce ta yi masa haka da sunan tsaron ƙasa. Kwamitin majalisar dattawa da Sanata Frank Church ya jagoranta daga 1975 ne ya baje kolin irin waɗannan ayyuka, aka kuma yi dokar 1978 da ta kafa kotu ta musamman don ba da izinin saurare. A Jamus ta Gabas 'yan sandan ciki na Stasi sun sa 'yan rahoto har a cikin majami'u.

Shi ya sa nake jin tsoro in na ga an koya wa ɗalibai Romawa 13 ita kaɗai. Gaskiya ne Bulus ya ce hukuma ma'aikaciyar Allah ce don hukunta mai mugunta, kuma wannan shi ya halatta maka ka yi wa gwamnati aiki da zuciya ɗaya, ka taimaka a kama masu damfara da masu cin zarafin yara. Amma Littafin nan ne ya ajiye mana maganar manzanni a Ayyukan Manzanni 5:29, cewa wajibi ne a yi wa Allah biyayya fiye da mutane. Manufa mai kyau tana ɗauke da su biyun: tana ba hukuma iko, tana kuma sa mata linzami. Izinin alƙali kafin a saurari waya, rajistar da take nuna wa ya buɗe fayil ɗin wa, wa'adin da doka za ta mutu in ba a sabunta ta ba, hanyar da ma'aikaci zai kai ƙara ba tare da an gama da shi ba. Waɗannan abubuwa ne masu gundura a takarda, kuma su ne suke tsaye a matsayin Natan.

Muhawarar kulle saƙo ma a nan take. A 1993 gwamnatin Amurka ta kawo shawarar sa wa wayoyi wani guntun ƙarfe mai suna Clipper wanda hukuma za ta riƙe makullinsa, shekara guda bayan haka wani mai bincike, Matt Blaze, ya nuna yadda za a kauce masa, shirin ya mutu. A 2016 FBI ta nemi kotu ta tilasta wa Apple ya buɗe wayar ɗaya daga cikin maharan San Bernardino, inda aka kashe mutum 14. Apple ya ƙi, hukumar ta janye ƙarar bayan ta samu wasu sun buɗe mata. Kada ka yarda wani ya ce maka akwai amsar Kirista guda ɗaya a nan. Mai bin da yake tunanin iyalan waɗanda aka kashe da mai bin da yake tunanin ikilisiyar ɓoye a ƙasar da ake tsananta mata, dukansu daga ƙaunar maƙwabci suke magana. Ni dai ina ɓangaren da yake cewa ƙofar bayan da aka yi wa mutumin kirki, wato ɓoyayyar hanyar buɗe saƙon da aka kulle, ba ta san fuskarsa ba, duk wanda ya samu makullin zai shiga, kuma WannaCry ta nuna cewa ko NSA ana yi mata sata.

Sai koyarwar cewa an halicci mutum cikin siffar Allah, Farawa 1:27. A ajin manufofi za ka riƙa jin ana lissafa bayanai da miliyoyi har ka manta mutane ne. A Finlan a 2020 ta fito fili cewa an sace bayanan wata cibiyar kula da masu damuwar zuciya mai suna Vastaamo. Abin da marasa lafiya suka faɗa wa likitocinsu a ɗaki a rufe, na aure, na cin zarafi, na tunanin kashe kai, shi aka kwashe. Da kamfanin bai biya ba, sai ɓarawon ya juya kan marasa lafiyar ɗaya bayan ɗaya, dubban mutane, yana aika musu saƙo su biya Yuro 200 ko ya watsa. Duk wanda ya taɓa zama gaban fasto ya buɗe cikinsa ya san nauyin wannan. Kuma ikilisiyoyi da ƙungiyoyin agaji suna riƙe da irin waɗannan bayanan, sau da yawa a kwamfutar sakatare ba kulle ba komai. Ko ƙungiyar Red Cross ta duniya, a Janairu 2022, ta sanar cewa an yi mata kutse an taɓa bayanan mutane fiye da 515,000, waɗanda yaƙi da hijira suka raba da danginsu.

Akwai darasin da ya fi wannan tsufa. Kafin yaƙin duniya na biyu Holan tana da rajistar jama'a mai tsari sosai, har da addinin kowa a rubuce. An yi ta ne don gudanar da mulki, ba da mugun nufi ba. Da 'yan Nazi suka mamaye ƙasar a 1940 sai suka tarar an riga an yi musu aikin. Kusan kashi uku cikin huɗu na Yahudawan ƙasar aka kashe, kuma a watan Maris 1943 'yan gwagwarmaya suka cinna wa ofishin rajistar Amsterdam wuta don su lalata takardun. Daga irin wannan tarihin ne dokar kare bayanai ta Tarayyar Turai, wadda ta fara aiki a 25 ga Mayu 2018, ta sa addini cikin bayanan da ake wa kariya ta musamman, ta kuma ce kada a tara abin da ba a bukata. In ka zauna rubuta manufa, ka tambayi kanka wa zai gaji wannan rumbun bayanan bayan gwamnatin yau ta tafi. Kuma ka yi wannan tambayar don kowa. Kirista da yake ihu in an sa wa coci ido, amma ya yi shiru in an sa wa masallaci ko ɗan jarida ko ɗan adawa, bai fahimci labarin Basamariyen nan ba, kuma dokar da ya bari ta wuce a kan wasu ita za ta dawo kansa.

Kan batun yaƙi, gadon da Ikilisiya ta bari yana da yawa, kuma malaman da ba ruwansu da addini ma da shi suke aiki. Agustin na Hippo, wanda ya rasu a 430, da Toma Akwinas a ƙarni na 13 su ne suka aza harsashin tunanin yaƙi na adalci. Akwinas ya kawo sharuɗɗa uku: hukuma mai halacci, dalili na adalci, da niyya mai kyau. Waɗanda suka biyo baya suka ƙara cewa a gwada sauran hanyoyi tukuna, kada martani ya fi laifin, kuma a bambance mayaƙi da farar hula. Daɗin wannan karatun shi ne ka ga yadda intanet take wahalar da kowane sharaɗi. Muguwar manhajar Stuxnet, wadda aka gano a 2010, ta lalata injinan tace yuraniyom na Iran a Natanz ba tare da an harba harsashi ba. Mutane da yawa suna danganta ta da Amurka da Isra'ila, amma ba wadda ta amsa a hukumance. To ina hukuma mai halacci in ba wanda ya yarda shi ya yi? Wata muguwar manhajar kuma, NotPetya, a Yuni 2017 an auna ta ne kan Yukiren ta hanyar wata manhajar lissafin haraji, amma ta tsallake iyaka ta durƙusar da kamfanin jiragen ruwa na Maersk da kamfanin magunguna na Merck, har aka ƙiyasta asarar duniya ta kai dala biliyan 10. Makamin da ba ya tsayawa inda aka aike shi, ta yaya zai bambance soja da farar hula? A Disamba 2015 kuma aka kashe wa mutane kusan 225,000 wutar lantarki a Yukiren cikin hunturu.

Za ka karanta Kundin Tallinn kan yadda dokar ƙasa da ƙasa ta shafi hare-haren intanet, wanda masana shari'a suka fitar a 2013 suka faɗaɗa a 2017, bayan harin intanet da aka kai wa Estoniya a 2007 ya sa ƙungiyar NATO ta kafa cibiya a can. Za ka karanta ƙa'idoji 11 na halayyar ƙasashe a intanet, waɗanda ba na tilas ba ne, da ƙwararrun Majalisar Ɗinkin Duniya suka amince da su a 2015, da Yarjejeniyar Budapest ta 2001 kan laifukan intanet, da ta Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014. Ka kuma san cewa ba duk Kiristoci ne suka yarda da yaƙi na adalci ba. 'Yan Menonayit da 'yan Kweka sun daɗe suna ƙin ɗaukar makami, kuma mai irin wannan lamirin yana da babban fili a ɓangaren kariya: asibitoci, ruwan sha, makarantu, ƙungiyoyin agaji. Gara ka san inda kake tsaye kafin a miƙo maka takardar aiki.

A aji nakan raba ɗalibai in ba su asibiti. Ƙarfe biyu na dare, an kulle komai, 'yan kutse suna neman kuɗi, ma'aikatan jinya sun koma rubuta magani a takarda, ɗakin gwaji ba ya iya fitar da sakamako. Ɗaya shugaban asibiti, ɗaya lauya, ɗaya jami'in gwamnati, ɗaya wakilin kamfanin inshora. Kusan kullum wanda ya shigo yana cewa ba a biyan ɓarawo, da na ce masa akwai jariri a na'urar numfashi kuma ajiyar bayanan ma an kulle ta, sai ya yi shiru ya fara juya biro. Wanda ya ce a biya kuwa, sai jami'in gwamnati ya tambaye shi da kuɗin wa za a kai wa asibiti na gaba hari. Dukansu an yi a zahiri a wata ɗaya, Mayu 2021. Kamfanin bututun mai na Colonial a Amurka ya biya kusan dala miliyan 4.4, hukuma ta ƙwato wani kaso daga baya. Gwamnatin Ailan ta ƙi biya da aka kulle hukumar lafiyarta, maharan suka ba da makullin kyauta, amma duk da haka aka kwashe watanni ana gyara. Abin da nake so ɗalibi ya gane shi ne shugaban asibitin da daddare ba shi da zaɓi mai tsabta, kuma aikin mai manufofi shi ne ya hana a kai ga wannan daren: dokar ajiye kwafin bayanai a wani wuri daban, dokar kai rahoto cikin kwanaki kaɗan, tallafi ga ƙananan asibitoci. Kutsen Colonial da kalmar sirri ɗaya aka yi shi, ta wani tsohon asusu da ba a sa masa tantancewa ta biyu ba. Nehemiya 4:9 ta ce sun yi addu'a, suka kuma sa masu tsaro dare da rana.

Wani abu da zai taɓa lamirinka shi ne yaudara. Aikin yana amfani da ita: a kafa kwamfutar bogi don a kama mai kutse, a aika wa ma'aikata saƙon ƙarya don a gwada su. Agustin ya tsaya kan cewa ƙarya ba ta halatta ko kaɗan, wasu kuma suna nuna ungozoman Ibraniyawa a Fitowa 1 da Rahab. Ni ina ganin tarko ga ɓarawo daban, wulaƙanta ma'aikacinka da alkawarin ƙarin albashi na ƙarya don ka ga ko zai danna daban.

Yanzu zaɓen makaranta. A Amurka akwai jami'o'in da suke bayyana kansu a fili a matsayin na Kirista kuma suna ba da digiri na biyu a tsaron intanet, kamar Regent da Liberty, dukansu a jihar Bajiniya. Georgetown a Washington ta Katolika ce, kuma ta yi suna a nazarin tsaro. A ɗaya ɓangaren, Georgia Tech tana da digirin tsaron intanet mai reshen manufofi wanda ake iya yi ta intanet, Tufts kuma ta haɗa makarantarta ta diflomasiyya da sashen kwamfuta ta yi digirin tsaron intanet da manufofin gwamnati. A Birtaniya hukumar tsaron intanet ta ƙasa, NCSC, tana tantance irin waɗannan digirori, a Amurka kuma NSA tana ba wasu jami'o'i lambar cibiyar ƙwarewa. Na Birtaniya yawanci shekara ɗaya ne, na Amurka kan kai biyu.

Shawarata ita ce ka fara auna ƙarfin karatun, sannan ka duba sunan. Ka rubuta wa sashen ka nemi jadawalin darussa biyu ko uku, da jerin abin da ake karantawa mako mako. In bangaskiya a wurinsu aya ce a saman shafi, sai sauran darasin ya tafi kamar ba a rubuta ta ba, to ba abin da ka samu. In kuwa ka ga an sa Akwinas kusa da Kundin Tallinn, an ba ɗalibi aikin ya kare matsayar da ba tasa ba, an sa shi karanta masu sukar gwamnati da masu kare ta, to da gaske suke. Ka duba su wa suke koyarwa, ko sun taɓa rubuta doka ko zama ɗakin da ake shawo kan kutse. Ka tambayi inda waɗanda suka gama suke aiki. Ka lura kuma ko ana cakuɗa bishara da siyasar ƙasa ɗaya, har maslahar wannan ƙasar ta zama kamar nufin Allah. Wannan haɗari ne na gaske a fannin da yawancin kuɗinsa daga ma'aikatun tsaro yake fitowa.

Jami'ar Kirista mai ƙarfi tana ba ka abin da ba ƙarami ba: malamin da za ka tambaya game da lamiri ba tare da jin kunya ba, da abokan da kuke addu'a tare. Jami'ar da ba ta addini ba tana tilasta maka ka faɗi hujjarka da harshen da kowa zai karɓa, kuma wannan shi za ka yi duk tsawon aikinka, domin ba ministan da zai sa hannu a doka don ka kawo masa aya. Daniyel a makarantar Babila ya yi karatu. In ka bi wannan hanyar, nauyin karatun tauhidin yana kanka, ka nemi ikilisiya da dattijon da zai riƙa yi maka tambayoyi masu wuya. Abin da ba zan so ba shi ne ka ci bashi mai nauyi don digiri mai rauni saboda sunan da yake jikinsa.

Ka sani kuma yawancin ayyukan manufofi na gwamnati a kowace ƙasa suna bukatar ɗan ƙasa da izinin ganin sirri, don haka in waje za ka yi karatu, ka duba ƙofofin da za su buɗe maka da gaske: bankuna, kamfanonin sadarwa, hukumomin kare bayanai, ƙungiyoyin ƙasa da ƙasa, kamfanonin ba da shawara. Digirin ba ya maye gurbin shaidar ƙwarewa irin su CISSP, wadda take neman shekara biyar ta aiki, ko CISM.

In lokacin kundin bincike ya yi, za a samu masu ce maka ka rubuta kan katin shaida na zamani da alamar dabbar nan ta Wahayi 13. Tsoron da yake ƙarƙashin maganar yana da tushe, wato hukumar da za ta iya hana mutum saye da sayarwa da danna maɓalli ɗaya. Amma ka mayar da shi tambayar da za a iya bincika: wa yake da ikon rufe asusun mutum, bisa wace doka, ina zai ɗaukaka ƙara, kwana nawa zai jira.

Tunda daga fasaha ka fito, ba ka da matsala da yadda na'urori suke magana da juna, kuma wannan zai sa ka gaba da 'yan ajinka da suka fito daga shari'a ko siyasa. Inda za ka sha wuya shi ne rubutu. Za a ce ka taƙaita matsala mai sarƙaƙiya a shafi biyu, ka kawo zaɓi uku, ka faɗi wanda ka fi so da abin da zai ci, ga mutumin da bai san komai a kwamfuta ba kuma minti biyar gare shi. Ka fara gwadawa tun yanzu da ƙa'idar tsaron intanet da NIST, hukumar ma'aunai ta Amurka, ta fitar a 2014, wadda aka sabunta a 2024: ka auna ma'aikatarku da ita, ka rubuta wa shugabanka shafi biyu. A zangon farko kuma ka ɗauki darasin dokar ƙasa da ƙasa da na tattalin arziki kafin ka taɓa kowane darasin fasaha.